Amaryar Cikin Leda

Ranar da Fadila ta fara ganin Hafizu, a durƙushe yake bakin masana'antar niƙa hatsi da ke hanyar Jiratawa, yana naɗe kyamararsa da leda kamar mai ƙulla daddawa. Ya huda daidai idon gilashin, ya zagaye da salatif, ya danne ƙafafun fitilunsa da buhunan yashi. Dariya ta ƙwace mata. Da yake ita ce mai kula da lafiyar ma'aikata, ta miƙa masa hular kwano da takunkumi, ta ce shi ma ya kamata a naɗe shi.

Ya ce mata gari ya fi ruwa ɓarna, in ya shiga cikin kyamara sai dai haƙuri. An ɗauko shi ne daga unguwar Zariya ya yi hotunan talla na mako biyu. Kafin mako guda ya haddace lambarta, ita kuma kullum sai ta sami abin dubawa a sashen da yake aiki, ko da babu komai.

"Fitilata, yau hoto ɗari na ɗauka, amma wanda nike so bai shiga ciki ba," ya rubuto mata.

"Ka dai maida takunkuminka, sarkin leda," ta amsa, tana murmushi ita kaɗai.

Mahaifinta, Malam Idirisa, shi ne shugaban masu kula da injin wurin, kuma bai ɓoye ba, ya ce ba zai ba mai yawon biki da kyamara ɗiyarsa ba. Hankalinsa ya fi kwanciya da Zakari, manajan masana'antar, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa.

Zakarin ne ya kawo labari cewa da kunnensa ya ji Hafizu yana gaya wa ɗan kabu-kabu ya bi rami a hankali in ya ɗauko amaryarsa. Fadila ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Kwana uku saƙonninsa na shigowa ba ta buɗe ba, ga son nan yana cin ta.

Ranar Alhamis Zakari ya ce a ɗauki hoto a ɗakin tankaɗe, inji na aiki, a kunna manyan fitilu su haska garin da ke tashi. Hafizu ya leƙa, ya ga ɗakin fari fat, ya girgiza kai. Ya ce garin da ke yawo a iska wuta yake jira, ƙwan fitila ɗaya ya fashe ko wayar lantarki ta yi tartsatsi, mutum bakwai ne a ciki. A kashe inji, gari ya lafa, a buɗe ƙofofi, zai ɗauka da hasken rana. Zakari ya ce in ba zai yi ba ya kwashe kayansa, aiki ya ƙare.

Hafizu bai yi musu ba. Ya durƙusa, ya share ledar da burushi kafin ya kwance ta, ya hure gilashin, ya ce a hankali, "Taho, amarya, mu tahi gida."

Fadila na tsaye a bayansa. "Wagga ita ce amaryar?"

"To wa kika zata? Shekara huɗu muna tare."

Kunya ta kama ta, daɗi kuma ya fi kunyar yawa. Malam Idirisa, wanda ya ji komai, ya kashe injin da kansa. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna wa Hafizu tabon ƙuna tun daga gwiwar hannu, na wata gobarar gari da ya tsira daga gare ta yana saurayi. Ya ce ya turo magabatansa.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da Hafizu ya durƙusa gaban surukinsa yana jiran nasiha, tsohon ya daɗe yana kallonsa.

"Na ga yadda kake riƙon waccan amaryar ta cikin leda," ya ce. "Ba ni da abin da zan ƙara maka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Daga bayan labule Fadila ta ce amin.