Wa Ya Kashe Na'a-na'ar Mashkura?

"Yero! Fito nan!"

Mashkura ce tsaye bakin rugar da ke bayan garin Bagudo, mayafi ya zame mata, tana rungume da fasasshiyar tukunya.

Yero ya saki igiyar maraƙi ya taho da murmushi.

"Sanyin idona, lafiya da sassafe haka?"

Ta dire tukunyar a gabansa.

"Shekara biyu ina rainonsu! Na'a-na'a, ɗaɗɗoya, citta, har ciyawar shayin da na samo irinta wajen matan Benin a kasuwar Tsamiya... Tukunya talatin da ɗaya, Yero! Shanunka sun gama da su!"

"Shanuna? Wa ya gani?"

"Safina! Da idonta ta ga sun ture danga da asuba!"

Safina 'yar baffanta ce, ɗaki ɗaya suke kwana tun suna yara.

"To, ni kin tambaye ni?"

"In tambaye ka mi? Da Baba ya ce manomi da makiyayi ba su shan inuwa ɗaya, ni na yi ta kuka ina kare ka! Ashe gaskiyarshi ce!"

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. Ya dube ta.

"Allah shi huci zuciyarki," ya ce, ya juya.

Ko kafin ta koma gida, mahaifinta Malam Namadi ya kai ƙara wajen mai gari. Da ma neman dalili yake. Aka ba rugar kwana biyu ta tashi.

Kwana biyun nan Mashkura ko leƙa bayan ɗaki, inda shukar tata take, ba ta yi ba. A rana ta uku ta daure ta durƙusa cikin ɓaraguzan tukwane, ko za ta tsira da saiwa ɗaya. Ta tono ta na'a-na'a, ta kai hanci.

Ta sake kai ta hanci.

Kalanzir!

Ta shinshina ta biyu, ta uku... duk haka.

Ta miƙe. A bakin murhu ta tarar da Safina tana tankaɗe.

"Safina, yaushe saniya ta fara yawo da kwalbar kalanzir?"

Rariya ta suɓuce wa Safina.

"Ni... ni mi na sani?"

"Rantse da Allah!"

Safina ta kau da kai.

"Na ce rantse!"

"E, ni ce!" Safina ta yi tsawa, hawaye na zuba. "Masu shayi, Mashkura! Matan unguwa, Mashkura! Shi ma Yeron ni na fara ganinshi, amma daga ya zo sayen ganyen mura wa innarshi, shi ke nan, kin tafi da shi!"

"Don namiji kika kashe abin da nake shayarwa safe da yamma? Kika sa aka kori gida goma?"

Ta ɗaga hannu, sai ta hango Baba tsaye a bakin zaure. Ya ji komai. Ta sauke hannun, ta wuce shi ta nufi ruga.

Rugar wayam, sai toka da turaku. Ta tare ɗan kabu-kabu.

"Hanyar iyaka! Yi sauri!"

Sun kusa Tsamiya ta hango garken. Ta diro tun babur bai gama tsayawa ba.

"Yero, tsaya! Safina ce... Na zalunce ka."

Bai ko waiwayo ba.

"Innata ta tsufa, Mashkura. Tun asuba take tafiya a ƙasa saboda ƙaryar da kika ɗauka."

"Na sani..."

"Ba ki sani ba! Tukwanenki ba su yi min ciwo kamar maganarki ba. Wata takwas muna tare, tambaya ɗaya ta gagare ki!"

Ta durƙusa a gefen hanya tana kuka.

"Ka yafe min, masoyina. In ma ba ka so na, ka maida Inna gida."

Wani babur ya tsaya bayansu. Malam Namadi ne. Ya wuce su kai tsaye wajen tsohuwar da ke zaune kan kaya, ya cire takalmi ya tsuguna.

"Inna, ni na kore ku bisa ƙarya, ni zan maida ku. Na faɗa ma mai gari da bakina." Ya juyo. "Yero, in ba mu fita ranka ba, turo magabatanka ran Juma'a."

Yero ya sunkuyar da kai. Can ya miƙa wa Mashkura bakin sandarsa, ta kama ta miƙe.

"Tashi, ana kallonmu. Amma fushina bai gama hucewa ba."

"Kwana nawa zai kai?"

"Har Alhamis."

Ya yi wa shanu fito, garken ya juyo ya fuskanci Bagudo.