Aljanin da Aka Kashe a Babin Ƙarshe

A ƙauyenmu na gaɓar yammacin Ailan, ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba rana ta riga ta yi sallama. A irin wannan lokacin ne Dervla Hession ta ɗora dankali a wuta, 'yarta Sorcha na zaune gefen murhu tana karanta babin ƙarshe na sabon littafin uwar.

Dervla marubuciyar soyayya ce, irin wadda jini da dariya ke tafiya tare. Littattafai biyu mata suka yi suna bin Ruarc, sarkin aljanun ƙarƙashin tudu, da yarinyar gidan burodin da ta taɓa kwaɗa masa busasshen burodi a ka. Ana cikin na uku mijin Dervla ya kwashe kayansa ya bi wata mace zuwa birnin Galway. Dervla kuwa ta zauna ta soke Ruarc da mashi a shafin ƙarshe.

"Mama, kashe shi kika yi?" in ji Sorcha.

"Na kashe. Tashi ki duba dankalin nan."

Ba ta rufe baki ba dutse ya faɗo kan rufi. Na biyu ya fasa taga ya tarwatsa kofuna. Suka leƙa, ba kowa sai iska da tumaki. Kwana uku ana haka da faɗuwar rana, wata murya kuma tana gurnani cikin bututun hayaƙi.

A na huɗu aka ɗaga Sorcha daga kujera aka maka ta da bango. Ta miƙe, goshi na zubar jini, ta yi magana da muryar ƙato: "Ni ne Ruarc. Ta da ni." Sai hannunta na dama ya kama ƙaramin yatsan hagu ya lanƙwasa shi baya har ya ce ƙas. "Kullum ɗaya. In yatsu sun ƙare, sai wuya."

Washegari ya cika maganarsa, ya karya na biyu.

Dervla ta ruga wurin tsohuwa Nuala Tuohy, wadda ta gaji magani daga kakarta, ta kuma yi shekara talatin tana tuƙa motar ɗakin karatu ƙauye-ƙauye. Babu littafin soyayyar da ya wuce ta. Ta zo da gishiri da ruwan rijiyar waliyyi, amma sai da ta karanta babin tukuna, ta cire tabarau.

"'Yar nan, kin bar jaki kina dukan taiki. Mai karatu zai yarda ki ƙone gari, jini ya kai gwiwa, saboda tun daga bangon littafi kin yi masa alkawari su biyun za su ƙare tare. Alkawari kuwa kaya ne."

"Inna, ki cece ta kawai, don Allah."

Duhu ya soma shigowa. Nuala ta zagaye Sorcha da gishiri, ta ɗauki ƙarfen tona wuta, don aljanun can ba sa jure taɓin ƙarfe. Yarinyar ta yi wani kuka, ta yi tsalle ta shaƙe tsohuwa har idanunta suka firfito. Nuala ta manna mata ƙarfen a wuyan hannu. Fata ta yi ƙauri, ƙarfen kuwa sanyi ƙalau. Aljanin ya saki.

"A ba ni yarinyar burodina," ya ce. "A rubuta, in tafi."

Nuala ta tofar da jini. "Shashasha! Kana tsammanin don ƙahonka mata ke son ka? Suna son ka ne don kana yanka runduna guda, amma in yarinyar nan ta harare ka sai ka rasa inda za ka sa hannunka. Yau ga ka kana karya yatsun 'yar mutane. Ko an ta da kai, wa zai so ka?"

Aljanin ya sassauta murya.

"To me zan yi?"

"Abin da kowane jarumin littafin soyayya ke yi kafin babin ƙarshe. Durƙusa ka roƙa. Ban da kawo hujja."

Ya girgiza gidan har hotuna suka zubo, sa'an nan gwiwoyin Sorcha suka sauka ƙasa a gaban uwarta.

"Na cuce ki," ya ce. "An ba ni gida na rushe shi da hannuna. Ba ni da abin cewa. Ki yafe mini."

Dervla ta fashe da kuka, ta kuma tsani kanta saboda kukan. Wata biyar take jiran waɗannan kalmomi daga wani bakin, ga su sun zo daga bakin wanda ya karya mata 'ya. Ta jawo takarda ta zare mashin daga ƙirjin Ruarc, ta mai da shi ƙofar gidan burodi a durƙushe. Tana ɗiga aya, baƙin hayaƙi ya tashi ta bututu, Sorcha ta zube tana kiran Mama da muryarta.

Littafin ya samu karɓuwa fiye da na baya. Har yau wasiƙu na zuwa, mata na cewa babin durƙuson nan ya sa su kuka da dariya a lokaci guda. Dervla ba ta amsa ko ɗaya. Yatsun Sorcha biyu sun warke a karkace, kullum da safe uwar ce ke ɓalla mata maɓallan riga.