Sandar da Ta Faɗi Sau Uku

A can wani zamani, a wani gari da ke gindin dutse, an yi wani tsoho gwanin faɗa da sanda. Yana da wani ɗalibi da ya shekara bakwai yana koyo a hannunsa.

Ran nan tsoho ya ce, "Gobe za mu kara a dandali. In sandarka ta taɓa ƙirjina, makarantar nan taka ce. In ba ta taɓa ba, ka koma garinku."

Gari ya waye, jama'a suka taru, aka fara. Ana cikin karawa sai sandar tsoho ta suɓuce. Jama'a suka ce, "Buga! Buga!" Ɗalibi ya ja da baya, ya ce, "Malam, ɗauki sandarka."

Aka sake haɗuwa, sanda ta sake faɗuwa. Ɗalibi ya ce, "Malam, ɗauki sandarka."

A karo na uku da sandar ta faɗi, ɗalibi ya tuna wahalar shekara bakwai. Duk da haka ya sunkuya ya ɗauko sandar, ya miƙa da hannu biyu.

Jama'a suka ce, "Ashe gwada shi ake yi!"

Tsoho ya yi murmushi, ya ce, "Ba gwaji ba ne, hannun ne ya tsufa. Riƙe ta, ɗana. Gobe da safe kai za ka tsaya gaban yara."