Gwadon Sada

Ranar wata Juma'a ce a tsakiyar ɗari, shekarar da aka yi canjin kuɗi. Da la'asar sakaliya Maharazu ya ɗauki ƙugiyoyinsa da ashana ya nufi kanal, babbar hanyar ruwan nan ta siminti da ta ratsa gonakin alkama tsakanin Kura da Bunkure. Uwarsa Inno ce kwance kwana tara, bakinta ba ya karɓar komai. Da hantsi ya ji ta juya tana faɗa wa bango: "Da zan samu romon tarwaɗa, irin wanda Sada kan kawo."

Sada wansa ne. Shekara guda ke nan da ruwan kanal ya tafi da shi.

A ƙauyensu mutum ɗaya ba ya zuwa kamun kifin ɗari. Duk Juma'a ake rufe ruwa, ya janye zuwa ƙugu, tarwaɗa su taru a ƙarƙashin gada. Sai mutum biyu su tafi. Ɗaya ya tuɓe ya shiga lalube. Ɗaya ya tsaya a gaɓa da wutar kara, yana gasa gwado a hucinta, kunnensa na sauraron sakin ruwa. In gwadon ya ɗauki zafi, sai ya buɗe shi ya fuskanci ruwa ya ce, "Ya yi ɗumi, fito." Wanda sanyi ya sandarar ba ya iya hawan simintin nan mai gansakuka. Sai an jefa masa bakin gwadon an jawo shi, a naɗe shi a ciki haƙoransa na kaɗawa. Magana ɗaya tsofaffi ke da ita a kan wannan aiki: ba a buɗe wa ruwa gwado in ba naka a ciki.

Bara Maharazu ne mai gwado. Kara ya ƙare, ya tafi ɗebowa, ya tarar da masu gadin tumatir sun hura wuta ta gaske suna gasa dankali. Ya ce bari ya ɗan ɗumama hannu. Dankali ɗaya ya ci. Ko da ya dawo, ruwa ya cika kanal har baki, yana tafiya shiru kamar bai ɗauki komai ba. Sai washegari aka tsamo Sada. Babu wanda ya ɗora wa Maharazu laifi, har Inno. Da ma duka aka yi masa, da ya fi masa sauƙi.

Yau ya yi wa kansa alkawarin ba zai shiga ruwa ba, daga gaɓa zai jefa ƙugiya. Gwadon Sada kuwa ya zaro shi ne daga ƙarƙashin gadon Inno tana barci, don rigarsa ba ta tare sanyi.

Ya isa gada rana na faɗuwa. Wurin na warin jiƙaƙƙen siminti da takin zamani. Belbelu suka wuce ta kansa zuwa makwancinsu. Ya kafa ƙugiyoyi, ya tara karan masara ya ƙyasta ashana. Da ya jiyo kiran magariba can nesa, ya yi alwala da ruwan da ke yankan fata kamar aska, ya yi salla a bakin wutar.

Ya zauna. Ba abin da ya taɓa ƙugiya.

Bai san lokacin da hannuwansa suka cire gwadon daga kafaɗarsa ba. Sai ganin su ya yi suna juya shi a kan wuta, gefe da gefe, yadda suka saba. Da zafi ya ratsa saƙar, ƙamshin Sada ya tashi: hayaƙi, ƙarnin kifi, da man kaɗanyar da yake shafa wa fason ƙafarsa. Maharazu ya tusa fuskarsa a ciki ya daɗe. Sannan ya miƙe, idonsa cike da ruwa, ya buɗe gwadon ya fuskanci kanal. Maganar da ya kwana da ita shekara guda ta fito da kanta.

"Ya yi ɗumi, Yaya. Fito."

Gyare suka yi tsit.

A ƙarƙashin gada, inda duhu ya riga ya zauna, ruwa ya motsa. Sai wani ƙaramin sauti, kaf-kaf-kaf. Haƙora ne ke kaɗawa.

"Razu."

Mutum ɗaya ne a duniya ke yanke masa suna haka.

Kai ya ɓullo, sannan kafaɗu. Ga tabon lauje a goshi. Ga kunnen nan ɗaya da ya fi ɗan'uwansa fitowa.

"Ka daɗe," in ji muryar, ƙasa-ƙasa. "Kai da ɗebo kara. Ko sai da ka je Madobi?"

Irin tsokanarsa ce, sak. Maharazu ya san mamaci ba ya dawowa. Da shi aka yi wa Sada wanka, da hannunsa ya zuba ƙasa. Amma bakinsa ya riga hankalinsa.

"Yaya, ranar nan... ka kira ni?"

"Sau uku." Kaf-kaf-kaf. "Sanyi nake ji. Miƙo min."

Ya jefa bakin gwadon.

Aka cafe.

Ya turje ya ja. Nauyin ba na mutum ba ne, kamar sa ne ya faɗa rijiya. Ɗumin gwadon ya zuƙe daga can ƙasa, sanyi ya biyo saƙar ya shiga tafin hannunsa. A bayansa wuta ta kwanta, ba tare da iska ba.

Dugadugansa suka fara zamewa.

"Ja mana, Razu. Ko ba ka ci tuwo ba?"

Nan ya lura. Numfashinsa shi yana fita fari kamar hayaƙi, yadda na kowane mai rai ke yi a ɗari. Bakin da ke ƙasa yana magana, amma babu abin da ke fita daga cikinsa.

Yatsun da suka riƙe gwadon sun zagaye shi sau biyu.

Ya faɗi rub-da-ciki a kan gangaren. Hannunsa na hagu ya laluba ya kama ƙarfen gada. Na dama yana cikin gwado. Ƙafafunsa suka taɓa ruwa.

Daga can sama ya jiyo rugugi, kamar babbar mota a nesa.

An saki ruwa.

"Yaya, ruwa na zuwa."

"Na ji. Sauko, mu biyu ya fi ɗumi."

Sada da ko kududdufi bai yarda ƙanensa ya shiga ba sai ya fara gwada zurfinsa.

Rugugin ya matso. Ƙarfen ya fara suɓucewa.

"Kada ka sake ni," muryar ta yi laushi, har da rawar kuka. "Kada ka kuma, Razu."

A zuciyarsa ya ga Inno kwance, fuskarta a bango. Ya ga mutane tsaye a ƙofar gida suna shawarar wanda zai shiga ya faɗa mata.

"Ka yafe ni, Yaya."

Ya yi a'uziyya. Ya buɗe hannu.

Gwadon ya shige ruwa kamar an haɗiye shi. Maharazu ya haura da farce da haɓa, ruwa ya bi ta ƙasan dugadugansa yana huci. Ya yanki gonar alkama ba takalmi. A bayansa aka kira sunansa. Aka sake kira.

Ya toshe kunnuwa.

Kwana shida ya yi yana zazzaɓi. Malam Uba, limamin unguwa, ya zo da rubutu, ya zauna a ƙofar ɗaki ya saurari labarin har ƙarshe.

"Yayanka yana kabarinsa, Allah ya ji ƙansa," in ji shi. "Na ruwa ne ya ari muryarsa, kai kuma ka buɗe masa ƙofa da hannunka. Aljani maƙaryaci ne, ɗana."

"A komai yake ƙarya, Malam? Har sau ukun?"

Malam Uba ya daɗe yana jan carbi. "Allah ne masani," ya ce, ya nemi takalmansa.

Maharazu bai ƙara zuwa kanal ba. Hannunsa na dama kuma bai ƙara yin ɗumi ba, ko da bazara, ko a bakin murhu.

Inno ta tashi daga ciwonta ba tare da romon ba. Ta ji duk abin da aka faɗa ta bayan zana, amma ba ta taɓa tambayar gwadon ba. Wata safiya ta tarar da shi a tsakar gida ya shanya hannun a rana. Ta durƙusa da ƙyar, ta sa shi tsakanin tafukanta tana murzawa, tana murzawa, sanyin bai motsa ba.

"Inno, sau biyu ke nan ina barinsa a ruwa."

Ba ta ɗago ba.

"Na farko ban ce komai ba," ta ce. "Na biyun kuwa, Allah ya yi maka albarka."