Gwankin da Ya San Bokiti

Tamsin Corrigan na tsaye tana goge tafin hannunta a jikin wando, fuska a yamutse, sai ta ji murya a gefenta.

"Ga ruwa. Sabulu ne dai ban zo da shi ba."

Ta waiga. Wani dogon saurayi ne baƙi, siriri, zaune a wata 'yar rumfa da ba ta da komai sai taswira da tsofaffin takalman tafiya. A ƙirjin rigarsa an rubuta Tobias Garoeb, Namibiya.

"Me ka gani da kake ba ni ruwa?"

"Na ga daga inda kika fito. Kowa haka yake baro rumfar Kobus, wasu ne suka iya ɓoyewa."

Ba ta so ba, amma dariya ta kuɓuce mata.

Ita ba don kanta ta zo baje kolin mafarauta na garin Toowoomba ba. Mahaifinta Des, makiyayin shanu a Charleville, tun tana goye yake mafarkin zuwa Afirka ya harbi babban gwankin nan mai murɗaɗɗen ƙaho. Bana gwiwarsa ta fara ƙara, ya ce in bai je yanzu ba shi ke nan. Ya jawo ta don ta taya shi zaɓen kamfanin da zai kai su daji.

Tun shigarsu wurin bai kwanta mata ba. Kobus Swanepoel, mai babbar rumfa daga Afirka ta Kudu, ya shimfiɗa musu hotunan dabbobi kamar mai tallan atamfa, kowace da lambarta da tsawon ƙahonta. "Yallaɓai, nuna da yatsa kawai," in ji shi. "Kafin shayinka ya huce an kwantar maka da shi." Sannan ya riƙe hannun Tamsin a cikin nasa mai gumi, ya ƙi saki. Ita da ke aikin jinya a asibitin dabbobi, ji ta yi kamar ta taka abu mai santsi.

Ta karɓi ruwan Tobias ta sha. "To kai me kake sayarwa?"

"Tafiyar ƙasa. Ƙaya, rana, da wataƙila."

"Wataƙila?"

"Wataƙila a samu, wataƙila a dawo da kumburin ƙafa. Daji ba kanti ba ne."

Daidai nan Des ya iso yana ɗingishi, ya ji ƙarshen maganar. Ya dubi rumfar sama da ƙasa. "Yaro, in tsallake teku da wannan gwiwar don ka sayar mini da wataƙila? Taho mu tafi, Tam."

A ranar Des ya sa hannu a yarjejeniya da Kobus. Ita kuwa Tamsin ta fita da lambar wayar Tobias a aljihu.

Da suka koma gida saƙonsa ya fara shigowa.

"Likitar shanu, hannun ya warke ko a yanke?"

"Ya warke, Sarkin Ƙafa. Amma na ƙarar da rabin sabulun gidanmu."

"Yau na bi sawun gwanki tun safe, ya tsere mini. Ban ji haushi ba, don duk hanyar ke nake tunani. Ina jin shi ya sa ma ya tsere."

"Kada ka ɗora mini raggwancinka. Amma ci gaba da tunanin, ban hana ba."

Haka watanni suka yi ta gungurawa. Shi ma Kobus bai zauna ba. Kullum sai ya turo hotonsa, ƙafa ɗaya a wuyan matacciyar dabba, yana washe baki, a ƙasa ya rubuta, "Duk naki ne, sarauniya." Sai ta kife wayar ta tashi daga kan abinci.

Wata safiya Des ya kama ta tana murmushi ita kaɗai a bakin garke.

"Yaron takalman nan ne ko?"

"Shi ne, Baba."

"Mutumin da ya kasa yi wa baƙo alkawarin gwanki, alkawarin me zai yi wa 'yata? Ya kwashe ki hamada ki yi ta cin ƙaya? Ga Kobus nan, yana da jirgi mai saukar ungulu."

Daga kicin mahaifiyarta Noreen ta ɗaga murya. "Kai da wane jirgin ka ɗauko ni, Desmond? Motar da sai an tura?"

"Ke ba da ke nake ba!"

Ana saura kaɗan su tashi zuwa Afirka, Kobus ya turo mata wani gajeren bidiyo. "Ki ga waliyyinki," ya rubuta. A ciki Tobias ne riƙe da bindigar allurar barci, ga gwanki yana tangaɗi kamar mashayi, har ya zube. Nan bidiyon ya yanke. Tamsin ta sha jin labarin masu sa wa dabba magani don baƙo ya harbe ta cikin sauƙi.  Nan take ta rubuta wa Tobias:

"Na gani. Ashe duk kanwar ja ce. Gara ma Kobus, shi bai ɓoye ƙazantarsa ba. Kada ka sake nemana."

Saƙonninsa suka yi ta shigowa. Ba ta buɗe ko ɗaya ba.

Masaukin Kobus a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu ya haɗu, har da tafkin wanka, amma ko'ina ka juya kawunan dabbobi ne a bango suna kallonka da idon gilashi. Washegari da hantsi suka hau buɗaɗɗiyar mota. Ba su yi nisa ba sai ga shingen waya mai tsawo, aka buɗe ƙofa, aka rufe bayansu. Daga inda suke suna hango ɗaya ƙarshen shingen.

Direba ya danna oda sau biyu.

Sai ga wani gwanki ya fito daga cikin duhuwa, ƙato, ƙahonsa ya murɗe har sama, irin wanda Des ya tsufa yana mafarki. Bai gudu ba. Takowa ya yi yana kaɗa wutsiya, ya zo ya tura hancinsa bayan motar yana sunsuna. A kunnensa akwai ramin da aka cire lamba, ko bushewa bai yi ba, ƙudaje sun yanyame shi.

"Bismillah, yallaɓai," Kobus ya raɗa. "Bari mu ɗan ja baya don hoton ya yi kyau."

Des ya daɗe yana kallon dabbar. Sannan ya zare harsashi ya sa a aljihu.

"Tun kafin a haife ka nake kiwo, Kobus. Na san idon dabbar da ta saba da bokiti. Wannan abincinsa ya zo nema."

"Haba yallaɓai, kowa haka yake yi. A bango wa zai sani?"

"Ni zan sani. Tir! Ko saniyata da ta tsufa ban taɓa kiranta da dusa in harbe ta ba." Ya tofar da yawu gefen taya. "Mai da mu. Kuma ka janye hannunka daga kafaɗar 'yata kafin in tuna inda na sa harsashin."

Suka kama motar haya zuwa filin jirgi. Tamsin ta ji duk duniya ta gundure ta. Ta ciro waya don ta goge komai da ya shafi farauta da mafarauta, sai idonta ya faɗa kan saƙon Tobias.

"Likita, ba zan roƙe ki ki yarda da ni ba. Ga bidiyon cikakke. Ki dubi ƙafarsa ta baya da idon aikinki."

Ta buɗe. Bayan gwankin ya zube, sai ga Tobias da wata likitar dabbobi sun durƙusa a kansa. Wayar tarkon ɓarayin daji ce ta nutse a ƙafar, naman ya ruɓe yana tsutsa. Suka datse wayar, suka wanke, suka ɗaure. Can dabbar ta miƙe ta shige daji tana ɗingishi, Tobias na tafa mata.

Tamsin ta fashe da kuka. Des ya karɓi wayar ya kalla har ƙarshe, ya yi ajiyar zuciya, ya danna kira da kansa.

"Yaro, Des Corrigan ne. Kada ka yi mini dariya. Tafiyar ƙasan nan taka, tana karɓar gurgu?"

A Namibiya Tobias ya tarbe su. Tamsin ta tsaya gabansa ta kasa ɗaga kai. "Na zage ka ban tambaye ka ba."

"Kin zage ni da kyau kuwa. Amma da kin ga haka ba ki ji ƙyama ba, ai da ni zan guje ki."

Suka yi ta bin sawu cikin duwatsu, Tobias na rage sauri saboda gwiwar tsoho, yana yi kamar takalminsa yake gyarawa. Des ya zagi ƙaya, ya zagi rana, ya zagi gwankayen da suka shinshino su suka arce, amma Tamsin ba ta taɓa ganinsa cikin farin ciki haka ba. Ana gab da su koma gida ya samu wani tsohon namiji mai karyayyen ƙaho ɗaya. Harbi guda. Ya cire hularsa ya tsaya a kansa. Naman kuwa ƙauyen su Tobias aka kai, mahaifiyarsa Selma ta raba gida-gida.

A inuwar tsakar gidan Selma Tobias ya durƙusa gaban Des. "Baba, ina son Tamsin. Ba ni da jirgi."

"Na lura. Tashi, gwiwa ɗaya mai ciwo ta ishe mu a gidan nan. Je ka tambaye ta, ita ce mai taurin kan."

Ya juya gare ta. "Likitata?"

"Sai ka sayi sabon takalmi ranar ɗaurin aure, Sarkin Ƙafa."

A ƙaramar majami'ar Charleville aka ɗaura, aka gasa sa guda a gona. Selma, wadda karo na farko ke nan da ta hau jirgi, ta rungume Noreen suna ta hawaye. An shirya amarya da ango za su riƙa yin lokacin farauta a Namibiya, sauran shekara a Charleville.

Da aka ba Des magana ya miƙe da sandarsa. "Na je Afirka neman abin da zan rataye a bango, na dawo da mai ɗauke mini 'ya. An cuce ni, amma na yafe." Aka kwashe da dariya. Sannan ya ɗora hannuwansa a kawunansu. "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka, ya raba ku da abin kunya."

Jama'a suka amsa da amin. Tobias ya sunkuya ya share wa amaryarsa hawaye da gefen hannun rigarsa.