Kiran Da Hafizu Bai Yi Ba

A Kwanar Ɗangora ya fara ganinta, kuma in gaskiya za a faɗa, ko kallo na biyu bai yi mata ba. Kwana arba'in da uku ke nan Hafizu ba ya ganin kowa. Tun ranar da aka kai mahaifinsa, Malam Ja'afar, makwancinsa, abinci ya daina yi masa ɗanɗano, gaisuwar mutane kuwa ta wannan kunne take shiga ta fice ta wancan. Ko ɗigon hawaye bai yi ba, har mutanen Kiru suna ta yabon tawakkalinsa. Ina tawakkali! Zuciyar ce kawai ta yi shiru.

Da safen nan ya goya jakarsa, ya hau acaɓa shi kaɗai bai sallami kowa ba. Cikin jakar akwai riga ɗaya, da sallaya, da hular mahaifinsa, da tsohuwar wayar marigayin a kashe.

Motar Doguwa ta cika da ƙyar. Direba ya zaunar da wata tsohuwa mai bokitin daddawa, Inna Tasalla, tsakanin Hafizu da budurwar mai farin hijabi, kamar yadda ya kamata. A gaba kuwa wani Bafulatani ne, Lado, rungume da gorarsa.

"Kai ɗan nan, ko sallama babu?" in ji Inna Tasalla. "Ko goro ka cika bakin da shi?"

"Ina kwana, Inna," ya ce, idonsa yana kan gilashi.

"Kwana ya yi nisa, jikana. Rana ta take."

Budurwar ta rufe baki da hijabi tana dariya. Shi dai bai san abin da ya ba su dariya ba.

Suka wuce Tudun Wada, suka shiga dajin Falgore. Can tsakiya taya ta yi faci, kowa ya sauko ya nemi inuwa. Lado ya buɗe gorarsa ya dama fura a ƙwarya, ya ce, "Bismillah, jama'a." Ƙwarya ta zagaya har ta iso hannun Hafizu. Ya riƙe ta kawai yana kallon itatuwa.

"Malam, sha ake yi, ba kallo ba," in ji budurwar. "Tun ɗazu nake lura da kai, leɓɓanka duk sun bushe. Aikin lafiya nake karanta a Bebeji, kada ka faɗi a nan ka ba ni aiki. Sunana Zuwaira."

Ya kurɓa. Abin mamaki, ya ji tsamin nonon a harshensa.

"Ina ka nufa da jaka kamar mai barin gari?"

"Riruwai. Gidan Malam Mainasara."

Fara'arta ta ɗauke. "Kai ne ɗan Baba Ja'afar na Kiru?"

"Ni ne."

"Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Ni 'yar gidan ce. Gara in gaya maka tun yanzu. A kasuwa Babanmu ya ji rasuwar, a bakin wani direba, bayan an yi sadakar bakwai. Kwana biyu bai ci abinci ba."

Hafizu ya san haka za a yi. Shekara ashirin mahaifinsa da Malam Mainasara suka yi suna haƙar kuza a rami ɗaya, kuma ranar da ramin ya rufta, Mainasara ne ya tono Ja'afar da hannunsa. Ranar rasuwa kuwa, Hafizu aka miƙa wa waya aka ce ya sanar da dangi da abokai. Ya kira kowa. Mutum ɗaya ne kawai bai kira ba.

Da la'asar suka isa Riruwai, duwatsu sun kewaye garin. Dattijon yana kan tabarma a zaure. Hafizu ya cire takalmi ya durƙusa. Malam Mainasara ya yi masa ta'aziyya yadda addini ya ce, ba ragi ba ƙari, sannan ya dube shi.

"An wanke shi ba ni. An sallace shi ba ni. Ko ƙasa ban zuba masa ba. Me na yi muku?"

"A yi haƙuri, Baba. Kuskure ne."

Da murya ƙalau ya faɗa, kamar mai ba da labarin farashin masara. Dattijon ya girgiza kai. Ya sa aka kawo masa tuwo, aka ba shi ɗaki, domin baƙo baƙo ne, amma bai ƙara ce masa uffan ba.

Washegari yana cikin mota saƙo ya shigo, ashe Zuwaira ta karɓi lambarsa a wurin direban motar jiya.

"Matafiyi, ka bar tuwonmu ko taɓawa ba ka yi ba. In ka isa ka ci abinci, umarnin likita ne."

Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya rubuta: "To, Likita. Na gode da furar jiya."

"Furar Lado ce, ni baki kawai na sa. Allah ya kai ka lafiya."

Daga nan fa abu ya kankama. Duk Asabar sai ya goya jakar nan ya nufi Bebeji, su zauna a bakin ƙofar makaranta, ita tana zuba, shi yana saurare. Ba ya iya daɗin baki, ita ma ba ta nema ba. Wata rana dai ya ce, "Likita, ban san yadda ake jin so ba yanzu. Amma in kina magana, ina jin yunwa."

Ta yi dariya har da hawaye. "Wallahi ban taɓa jin kalamin soyayya irin wannan ba. Na karɓa, Matafiyina."

Bayan wata biyar kawunansa suka je Riruwai neman aure. Suka dawo jiki a sanyaye, da amsar da dattijon ya ba su: "Yaron da ya kasa ɗaga waya ya gaya mini mutuwar ubansa, in 'yata ta kwanta ciwo a gidansa, a bakin direba zan ji?"

Hafizu ya ji, ya gyaɗa kai, ya tashi ya tafi gona. Kwana uku bai kira ta ba. A na huɗu saƙonta ya zo.

"Matafiyi, Baba ya ƙi, kuma wani mai sayen kuza ya fara sintirin gaishe shi. Ni kai nake so, ban ɓoye wa kowa ba. Amma kalmar nan ta kuskure ko ni ban yarda da ita ba. Akwai abin da kake goyo a jakar nan wanda ya fi riga nauyi. Ka zo ka sauke shi a gaban Baba, in ba haka ba za ka rasa ni."

Da hantsi ya kama hanya. Kwanar Ɗangora, Tudun Wada, Falgore, Doguwa. Wannan karon ƙirjinsa bugawa yake yi tun daga Kiru.

Ya sami dattijon a kan tabarmar nan. Ya durƙusa, ya zuge jaka, ya ajiye wayar mahaifinsa da hularsa a gabansa.

"Baba, ba kuskure ba ne. Ƙarya na yi maka."

"Ina jin ka."

"Ranar da zai rasu, da la'asar, ya ce mini, Hafizu, kira mini Mainasara, muryarsa nake son ji. Ni kuwa ina saurin zuwa kallon ƙwallo. Na ce, Baba, bari sai gobe. Bai kai goben ba. Da aka ba ni wayar nan, sau nawa ina nemo sunanka, yatsana ya ƙi dannawa. In ce maka me? Ni na hana shi jin muryarka, Baba. Ni ne."

Sai kukan da ya maƙale wata bakwai ya ɓalle. Ƙato da shi, ya kifa kai a tabarma yana shessheƙa. Zuwaira tana bayan ƙofar zaure, ta toshe baki da mayafi.

Malam Mainasara ya ɗauki hular yana juya ta. "Ka ce ya neme ni?"

"Ya neme ka, Baba. Kai ne mutum na ƙarshe da ya ambata."

"Ashe ya neme ni," in ji dattijon, hawaye yana bin gemunsa. "Ni ina nan ina cewa Ja'afar ya manta da ni har bai bar wa iyalinsa sunana ba." Ya dafa kan Hafizu. "Tashi, ɗana. Duk mun taɓa cewa sai gobe. Allah ya yafe mana."

Bayan an kai amfanin gona gida aka sa rana. Ranar Juma'a ƙofar gidan ta cika, har Lado ya zo da gorar nono, Inna Tasalla kuwa tana cikin gida tana shelar cewa ita ta zauna a tsakaninsu tun farko.

Liman ya gyara zama ya ce, "Ina waliyyin amarya?"

Malam Mainasara ya nuna ƙaninsa. "Ga shi nan, shi zai bayar."

"Wakilin ango fa?"

Kawun Hafizu ya yi murmushi bai motsa ba, don an riga an gama magana da shi. Dattijon ya miƙe, ya tsallaka zuwa ɓangaren mutanen Kiru, ya zauna kusa da Hafizu. Sai a lokacin Hafizu ya lura hular mahaifinsa ce a kan dattijon.

"Ni zan karɓa wa yaron nan aure," in ji Malam Mainasara. "Ja'afar ya kira ni ban samu na amsa ba. Yau na amsa."

Aka shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya, guɗa ta tashi daga cikin gida. Hafizu yana share ido wayarsa ta motsa.

"Matafiyina, an ce an ɗaura. Ka sauke jakar nan haka, ka iso gida."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya kai haske kabarin Malam Ja'afar.