Rabon Waɗanda Ruwa Ya Ci

A ƙauyen bakin dam, can bayan Samaru, tun da aka datse ruwan, masunta ke mayar da kifin farko cikin ruwa, wai rabon waɗanda ruwa ya ci. Bana kifi ya yi wuya, wani masunci, Toma, ya ce ya daina.

Bayan magariba yana naɗe taru, sai ga wani tsoho, rigarsa na ɗiga, yana warin taɓo, ga shi ba ya barin sawu.

"Ɗana, ina rabonmu?"

"Matattu ba sa cin kifi," in ji Toma.

Tsohon ya yi tari. Tarin mahaifin Toma ne, wanda ya nutse shekara goma da suka wuce.

Toma ya riƙe kifinsa gam.

"Baba, da kana raye, ai jikokinka za ka fara ba."